Buɗin Daji da Lissafin Shekarar Manoma

Manomin Kagara ba ya jiran kalandar bango ta gaya masa damina ta matso. Iska ce ke juyowa daga kudu maso yamma, zafi ya tsananta, itatuwa su yi tofo, sai ya ɗauki gatari da fartanya ya nufi sharar gona. Manoma na da tasu ƙidayar watanni da ke farawa daga ɗaukewar ruwa, shi ya sa ake kiran watan bakwai maƙarar rani.

Wannan ƙidaya ta girmi zuwan Musulunci ƙauyuka da yawa, kuma a da biki ne ke riƙe da ita. Wanda ya fi shahara shi ne buɗin daji, da har yau Arna ke yi a Massalata, kusa da Birnin Konni a jihar Tawa ta Nijar. Cikin rani, watanni kaɗan bayan girbi, dattawan gargajiya sukan zauna su yi arwa, su faɗi yadda suke ganin shekara za ta kasance: ruwa zai wadata ko zai yi gardama, gero zai yi kyau ko fara za ta sauka, annoba na tafe ko lafiya. A yi yanka ga iskoki, sannan a ba mafarauta izinin shiga daji. Jama'a kan tsallaka daga Najeriya ta Illela don su ji da kunnensu.

Maguzawan ƙasar Kano ma suna da irin wannan tsari. Masanin nan Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikinsu a ƙarshen shekarun 1930, ya bayyana a littafinsa na 1946 yadda suke yanka wa iskoki don neman albarkar gona. Sun kuma ɗauki bakan gizo a matsayin Gajimari, macijin da ke shanye ruwan sama. Sauran duniya ma na da nasu bukukuwan sauyin yanayi: Nowruz na Iran wajen 21 ga Maris, da Shammun Nasim na Masar da ake danganta asalinsa da zamanin Fir'auna.

Malamai sun yi hani da yanka ga iskoki da duba, kuma Musulmi ba ya da ja a kan haka. Amma akwai wani abu cikin bikin da bai kamata ya bi ruwa ba. Daji yana da mai shi, yana da lokacin shiga, kuma gari duka ya san wanda zai ce a shiga. Farautar gayya tana jiran izini. Dokar kula da ƙasa ce da ba a rubuta ba, kuma mutane sun bi ta.

A ƙaramar hukumar Rafi, inda Kagara take, inda kuma Kamuku da Pangu da Hausawa da Fulani ke zaune tare, batun ya fi ciwo. Dazuzzukan da suka miƙa zuwa Birnin Gwari, wajen gandun dajin Kamuku, sun koma mafakar 'yan bindiga. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 aka sace mutum 42 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kagara, aka kashe ɗalibi ɗaya. Manoma da dama daga ƙauyuka sun baro gonakin kakanni, sun koma Kagara, Tegina ko Minna.

A yau hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ta faɗi lokacin da ake sa ran saukar ruwa da tsawon damina a kowace jiha. Hasashen na da amfani ƙwarai wajen zaɓen iri da ranar shuka. Sai dai tambayar da manomin Pandogari a Rafi ke yi wa maƙwabcinsa idan bazara ta kama ita ce ko hanyar gona za ta biyu bana, ko kuwa dawa da masara za su sake tsayawa a 'yan filayen bayan gari.