Ruwan da Aka Tsare Sai da Kula: Magudanan Jazira da Randunan Hausawan Sudan

Daga watan Yuli zuwa Satumba kogin Nil Azraƙ yakan sauko daga tsaunukan Habasha jawur, ɗauke da ƙasar da mamakon damina ya zaizayo daga gonakin can. Idan uwargida a Mai Wurno, kudu kaɗan da Sennar, ta ɗebo shi ta zuba a kwano, kafin ta gama wanke-wanke laka ta kwanta a gindi, amma na bisa yana nan kamar kunun kanwa. Ko ya kwana bai gama washewa ba. Wannan ruwa ne ke shiga gonakin Jazira, shi ne kuma dubban 'yan'uwanmu ke sha, su yi alwala, su yi wa yara wanka.

Garin Mai Wurno ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Bayansu ayarin mahajjata masu tafiyar ƙasa bai yanke ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, Turawan Ingila suka buɗe noman auduga a filin da ke tsakanin kogunan Nilu biyu, wato Jazira, sai ga aiki ya fi hannuwa yawa. Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda mutanen ƙasar ke haɗawa su kira Fallata, suka tsaya tsintar auduga don tara guzurin Makka. Wasu suka wuce, wasu suka zauna har jikoki. Da yawansu sun zauna ne a matsugunan 'yan ƙwadago da ake kira kambo, a bakin magudanai, kuma tun da ba a lissafa irin waɗannan wurare cikin ƙauyukan da hukuma ta tsara ba, sau da yawa famfo da rijiyar burtsatse sukan wuce su. Wanda ba shi da famfo, tur'a ce rijiyarsa. Tur'a kuwa ita ce magudanar ban-ruwa a bakin mutanen Sudan.

Tsarin ban-ruwan Jazira, haɗe da ƙarin Manaƙil da aka yi daga ƙarshen shekarun 1950, ya mamaye fiye da fadan miliyan 2, kusan hekta 880,000. Ba inji ke tura ruwan ba, gangaren ƙasa ne. Daga Sennar ya shiga babbar magudana, ya rarrabu zuwa matsakaita, daga nan zuwa ƙanana waɗanda tsawonsu a haɗe ya kai dubban kilomita, sannan ya faɗa 'yan kwatocin da manoma ke kira Abu Ishirin da Abu Sitta, har ya isa hawasha, wato gonar mutum. Akwai wata dabara da injiniyoyin farko suka saka a ciki. Ruwa yana tafe dare da rana, amma manomi da rana yake ban-ruwa, don haka aka gina ƙananan magudanan yadda za su tara ruwan dare su riƙe shi har gari ya waye. Dabarar ta yi wa noma amfani ƙwarai. Sai dai ruwan da ya tsaya yakan sauke lakarsa, laka ta ba ciyawa wurin kafa saiwa, ciyawa ta ƙara rage gudun ruwan, sannan dodon koɗi da sauro su sami masauki. Ruwa ba ya tsami banza.

Waɗanda suka fi kowa sanin halin tsararren ruwa, a ganina, su ne masu kiwon murjani a manyan akwatunan gilashi. Murjani dabbobi ne masu rai, ƙanana-ƙanana masu gina wa kansu gida na dutse a ƙarƙashin teku, kuma Sudan na da shi jingim a Bahar Maliya: Sanganeb da Dungonab sun shiga jerin wuraren gadon duniya na UNESCO a 2016. A can teku ce ke wanke kanta da igiyarta da faɗinta. Amma da aka tsare irin wannan ruwa a tanki, kamar wanda aka buɗe a Townsville ta ƙasar Ostireliya a 1987 mai cin lita miliyan 2.5, dukan aikin da teku ke yi kyauta sai ya dawo wuyan ɗan Adam. Gishiri ya tsaya wajen giram 35 a kowace lita, kuma tun da rana ruwa take ɗauka ta bar gishiri, dole a riƙa cikewa da ruwan daɗi. Zafi ya tsaya wajen digiri 25. Kashin kifi yana fitar da amoniya mai guba, sai a reni wasu ƙwayoyin bakteriya a jikin duwatsu da yashi su riƙa sauya ta zuwa abin da bai kai ta illa ba. Akwai bututun da ke tayar da kumfa ya kwashe datti, wanda shi kansa sai ana wanke shi. Injin da ke juya ruwa ya tsaya na wasu awoyi, iska ta ƙare, abin da aka shekara ana reno ya mutu. Babu ranar da masu wannan aiki suke cewa sun gama. Abin da nake so mai karatu ya ɗauka ke nan: madatsa da magudana da tankin famfo duk ruwa ne tsararre, kuma tsadar kayan da aka kafa ba ta ɗauke wa kowa kulawar yau da gobe.

Mu koma tur'a. Dodon koɗin da ke cikinta ƙanana ne, ba su wuce farcen yatsa ba, maƙale da ganyen ciyawa. Iri biyu ne ke da haɗari. Bulinus shi ke renon tsutsar da ke kawo fitsarin jini, tsargiyar da muka sani a Kadawa da Bakolori. Biomphalaria, mai faɗi kamar an naɗe zare, shi ke renon ta hanji, wadda ta fi addabar Jazira. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida kusa da ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta nemi dodon koɗi ta shige cikinsa. Bayan kamar wata guda sai dubbai su fara fitowa, masu wutsiya mai baki biyu, ido ba ya ganinsu. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke koro yara zuwa wanka. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga cikin 'yan mintoci. Shekaru suna tafiya ƙwai na taruwa a hanta, saifa ta kumbura, ciki ya tashi, wata rana magidanci mai ƙarfi a jika ya kama aman jini.

A zamanin da auduga ce kaɗai babbar shuka, akan rufe magudanai su bushe na wasu watanni a bazara, dodon koɗi da yawa su mutu. Da aka ƙaro alkama da gyaɗa a shekarun 1960 da 1970, ruwa ya zama kusan kullum yana kwance, tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suka yi tashin gwauron zabi. Wannan ne ya sa a 1979 gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa Shirin Lafiya na Nil Azraƙ, ƙarƙashin jagorancin Dokta Ahmed Ayoub El Gaddal, don jama'ar Jazira da Manaƙil da Rahad. Abin da ya burge ni a shirin shi ne bai dogara da abu ɗaya ba. An raba maganin praziquantel, an zuba maganin kashe dodon koɗi a mashigan da mutane suka fi taɓa ruwa, an gyara famfuna, an raba murafun masai, an wayar da kai. A ƙauyukan da aka riƙa bibiya, masu ɗauke da tsargiyar hanji suka ragu daga sama da rabin jama'a zuwa ƙasa da kashi 10 cikin 100. Shirin ya ƙare wajen 1990, kuɗi suka yanke, cutar ta fara dawowa. Dodon koɗi bai san wa'adin shiri ba.

Ƙauyukan da ke da ruwa mai kyau a ƙarƙashin ƙasa sun dogara da rijiyar burtsatse da tanki. Waɗanda ba su da shi, musamman ta wajen Manaƙil, sai dai su tace na tur'a, kuma abin da aka gina musu shi ne matacin yashi. Ga yadda yake. Wani faffaɗan kwarami ne na siminti, tsakuwa a ƙasa, yashi mai laushi kamar mita ɗaya a kanta, ruwa a bisa yana tsiyaya a hankali, abin da bai wuce tafin hannu ɗaya ko biyu a awa ba. Mutum zai zaci yashin ne ke yin aikin. Mafi yawansa wata 'yar fata ce mai yauƙi da ke samuwa a kan yashin bayan makonni, cike da ƙananan halittu masu cinye ƙwayoyin cuta, 'yan'uwan waɗancan da ake reno a tankin murjani. Fatar nan rai gare ta. In aka bar matacin ya bushe ta mutu, in aka saki ruwa da ƙarfi ta yage. In ta yi kauri ta toshe, sai ma'aikaci ya rage ruwan, ya shiga da shebur ya kankare kamar kaurin yatsa ɗaya ko biyu, ya wanke yashin ya ajiye, ya ba sabuwar fata kwanaki ta farfaɗo. Ruwan damina mai laka kuwa yakan toshe mataci cikin 'yan kwanaki, shi ya sa a shekarun 1980 aka gwada sa masa dogon kwalbati cike da tsakuwa a gaba, ruwa ya ratsa ta kwance ya bar lakarsa kafin ya iso yashi. Duk aikin bai fi ƙarfin mutum ɗaya mai shebur da albashi ba, amma a wurin wannan mutum ɗaya ake yawan yin tsimi.

Tun kafin injiniyoyi su zo, matan bakin Nilu suna da tasu hikima, wadda wata masaniya mai suna Samia Al Azharia Jahn ta bi ƙauyukan Sudan tana nazari a shekarun 1970 da 1980. Suna da wata laka da suke kira rawwaƙ, suna kuma da 'ya'yan zogale. Zogalen nan dai da muke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. A ɓare busasshen iri a fitar da farar ƙwayar, a daka ta yi laushi, a dama da ɗan ruwa mai kyau a kwalba, a girgiza, a tace da ƙyalle a cikin randa. Ƙwaya ɗaya zuwa biyu ga kowace lita, gwargwadon kaurin ruwan. A juya da sauri na ɗan lokaci, sannan a hankali, a rufe a bari. Nan da nan za a ga lakar tana dunƙulewa tana sauka, bayan awa ɗaya ko biyu ruwa ya yi garau. Dalili shi ne ƙwayoyin laka masu laushi duk caji iri ɗaya gare su, suna ture juna, shi ya hana su kwanciya. Furotin ɗin zogale cajinsa kishiyar nasu ne, sai ya kama su ya haɗa su yi nauyi. Aikin da alam ke yi ke nan a gidan ruwa na birni. Amma a yi hattara, ruwa garau ba shi ne ruwa mai lafiya ba. Zogale na saukar da ƙwayoyin cuta da yawa tare da laka, ragowar kuwa sukan sake yaɗuwa in ruwan ya kwana. A tsiyaye na bisa, a tafasa ko a sa kulorin. Shi ma kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, don haka tacewa ce farko. Ruwan wanka kuma, in aka ɗebo daga tur'a aka ajiye kwana biyu, tsutsar tsargiya ta mutu da kanta.

Yashe magudanai aikin karraka ne, babban injin nan mai kwasar laka, buɗe ƙofofin ruwa da rufe su kuma aikin gafir ne. Tafkin Sennar kansa laka ta cinye fiye da rabin abin da yake ɗauka a farko. Dokar Jazira ta 2005 ta ɗora kula da ƙananan magudanai a kan ƙungiyoyin manoma, amma kuɗi da injinan da aikin ke bukata ba su biyo baya yadda ya kamata ba. Sai kuma yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023. Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, sojoji suka karɓe shi a Janairun 2025, Sinja ma ta sha irin wannan. An yi ta samun rahoton kwashe allunan sola da injinan rijiyoyi, jama'a suka koma shan ruwan tur'a kai tsaye, a Agustan 2024 kuma hukuma ta sanar da ɓarkewar kwalara. A can sama, babbar madatsar Habasha da aka fara cikawa a 2020 tana tare laka mai yawa. Wannan zai rage wa karraka aiki, sai dai ruwa mai haske ya fi ba ciyawa damar tsiro, inda ciyawa take kuwa nan dodon koɗi yake.

Yanzu da ake maganar sake gina Jazira, roƙona ga masu ruwa da tsaki shi ne kada a tsaya ga sayen sabon famfo. Duk rijiya ko matacin da za a kafa, a rubuta tun ranar farko wa zai kula da shi, wa zai biya shi, a ina za a sami kayan gyara da kulorin. A lissafa mazauna kambo cikin masu haƙƙin ruwan sha, domin da hannunsu aka tsinci audugar da ta riƙe Sudan shekara da shekaru. Sarakuna da limamai da ƙungiyoyin Hausawa na can su sa baki a wannan magana, mu kuma da ke gefen Tiga da Goronyo mu je mu duba halin da namu magudanan suke ciki tun damina ba ta kankama ba.