Sake aikata laifi a tsakanin matan da suka fito daga gidan yari

Sake aikata laifi shi ne komawar mutum ga karya doka bayan ya gama zaman hukunci ko an sallame shi. Masana ilimin laifuffuka suna nazarin abubuwan da ke nuna cewa macen da aka saki tana iya komawa hannun hukuma, domin a san wadda ke buƙatar taimako da kuma irin taimakon da ya dace da ita. Mata kusan kashi 7 cikin ɗari ne na fursunonin duniya, amma yawansu ya haura 740,000 a shekarar 2022, wato ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari tun daga shekarar 2000.

Yadda ake aunawa

Ana auna komawa laifi ta hanyoyi uku: sake kama mutum, sake yanke masa hukunci, ko sake mayar da shi gidan yari. Kowace hanya tana ba da adadi daban. Mace tana iya komawa gidan yari ba tare da ta yi sabon laifi ba, misali idan ta saɓa sharuɗɗan sakin da aka yi mata, kamar rashin zuwa wurin jami'in sa ido a ranar da aka sa mata.

Hukumar ƙididdigar shari'a ta Amurka ta bi diddigin fursunonin da aka saki a jihohi 30 a shekarar 2005. Cikin shekara biyar an sake kama kusan kashi 68 cikin ɗari na matan, da kusan kashi 78 na mazan. Wannan ya nuna cewa mata ba su kai maza komawa laifi ba, duk da haka adadin yana da yawa.

Abubuwan da suka shafi maza da mata

A shekarar 1990 masana daga Kanada, Don Andrews, James Bonta da Robert Hoge, suka fito da wani tsari na auna haɗarin komawa laifi da buƙatun mai laifi. Daga baya aka tattara manyan abubuwa takwas: tarihin laifuffukan baya, halin rashin haƙuri da saurin fushi, tunanin da ke halatta laifi, abokan banza, matsalar iyali ko aure, rashin ilimi ko aikin yi, zaman kashe wando, da shaye-shaye. Ma'aunin LSI-R, wanda ya fito a 1995, ya ginu ne a kan wannan tunani.

Shekaru ma suna da tasiri. Wadda aka saki tana matashiya, ko wadda ta fara shiga hannun hukuma tun tana ƙarama, ta fi zama cikin haɗari. Tarihi da shekaru ba sa canzuwa ta hanyar horo, amma shaye-shaye, abokai da aikin yi abubuwa ne da ake iya gyarawa, shi ya sa shirye-shiryen gyaran hali suka fi mayar da hankali a kansu.

Abubuwan da suka fi shafar mata

A farkon shekarun 1990 Kathleen Daly ta yi nazarin shari'o'in mata a wata kotu ta birnin New Haven a Amurka. Ta nuna cewa da yawansu sun shiga laifi ne ta hanyar cin zarafi tun suna yara, dukan miji ko saurayi, rayuwar titi, ko alaƙa da namiji mai harkar ƙwaya. Daga baya Patricia Van Voorhis da abokan aikinta a Jami'ar Cincinnati suka samar da ma'aunin WRNA musamman domin mata. Ma'aunin yana duba:

- cin zarafin da mace ta fuskanta a yarinta ko a girma;
- ciwon damuwa, fargaba da sauran matsalolin ƙwaƙwalwa;
- zama da abokin rayuwa mai duka ko mai jan ta zuwa laifi;
- nauyin renon 'ya'ya ba tare da mataimaki ba;
- rashin amintaccen wurin kwana da talauci.

Waɗannan abubuwa sukan haɗu da juna. Macen da aka ci zarafinta tana iya fara shan ƙwaya don ta manta, shan ƙwayar ya raba ta da aiki, rashin kuɗi kuma ya kai ta ga sata ko sayar da ƙwaya.

Rayuwa bayan fitowa

Watannin farko bayan saki su ne mafi haɗari. Mace takan fito ta tarar gidan hayarta ya tafi, 'ya'yanta suna hannun dangi ko hukuma, masu ɗaukar aiki kuma suna gudun mai tarihin ɗauri. A Amurka wata dokar 1996 ta hana waɗanda aka samu da babban laifin ƙwaya tallafin abinci da na kuɗi har abada, ko da yake jihohi da yawa sun sassauta ko sun janye hanin. Wata dokar 1997 kuma ta ba da damar fara raba uwa da ɗanta a shari'ance idan ya yi wata 15 cikin 22 a hannun masu riƙo. Samun aiki, ilimi, goyon bayan dangi da kyakkyawar alaƙa da 'ya'ya suna rage haɗarin komawa.

Muhawara da matakai

Masana sun rabu biyu. Wasu suna ganin manyan abubuwan takwas sun isa a yi hasashe ga kowa. Wasu kuma suna cewa an gina ma'aunan ne da bayanan maza, don haka suna iya sa mace a rukunin masu haɗari fiye da yadda take, a tsananta mata tsaro babu dalili.

A Ingila, rahoton Corston na 2007, wanda ya biyo bayan mutuwar mata shida a gidan yarin Styal, ya ba da shawarar a rage ɗaure matan da laifinsu bai shafi tashin hankali ba, a kafa cibiyoyin taimako a cikin al'umma. A watan Disamba na 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Bangkok, ƙa'idoji 70 kan kula da mata fursunoni, waɗanda suka buƙaci ƙasashe su duba tarihin cin zarafi, lafiyar ƙwaƙwalwa da nauyin 'ya'ya wajen hukunci da kuma shirin sallama.