Tsohon faifan da ke nuna wa jirgin sama hanya

Maniyyacin da ya taso daga Shanono ya hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, wataƙila akwai memori a wayarsa, cike da karatu da wa'azin da aka tura masa a shagon caji. Abin da ba lallai ya sani ba shi ne, jirgin ma sai an yi masa irin wannan turin kafin ya san hanyar Jidda.

A gaban matuƙi akwai kwamfutar da ke riƙe da taswirar sama: hanyoyin jirage, wuraren juyawa, zangon rediyo, da tsarin sauka a kowane fili. Waɗannan bayanai ba sa zama wuri ɗaya. Yau an rufe titin jirgi don gyara, gobe an sauya wata hanya. Shi ya sa Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta tsara cewa manyan sauye-sauye su riƙa fara aiki a rana ɗaya a duk duniya, bayan kowane kwana 28, kuma ranar Alhamis. A Najeriya hukumar NAMA ce ke fitar da irin waɗannan bayanai, kamfanoni kamar Jeppesen su tattara na ƙasashe, su mayar da su yadda kwamfutar jirgi za ta karanta.

To ta yaya suke shiga jirgin? A shekarar 2020, masana tsaron kwamfuta na kamfanin Pen Test Partners sun zaga cikin wani Boeing 747-400 da kamfanin British Airways ya jingine, suka nuna wa duniya ramin saka faifan fulofi a ɗakin matuƙa. Ta nan injiniya ke ɗura sababbin bayanai. Faifan megabait 1.44 kawai yake ɗauka, hoto ɗaya na wayar zamani ya fi ƙarfinsa, kuma kamfanin Sony ya daina ƙera shi tun 2011. Alhazanmu sun san 747 sarai, don kamfanin Max Air ya daɗe yana jigilarsu da shi.

Ƙananan jirage ma haka ne. Masu allon Garmin G1000 da katin SD ake sabunta su, ɗan'uwan memorin waya.

Me ya hana a zubar da tsohon kayan? Samfurin 747-400 ya fara aiki a 1989, kuma a jirgi ba a sauya na'ura sai an gwada ta, hukuma ta amince. Wannan na cin kuɗi da lokaci. Duk da haka kamfanoni da dama sun koma ga na'urorin ɗura bayanai na zamani, saboda faifan na ƙara wuyar samu, kuma yana lalacewa.

Tsufan faifan bai kai tsufan abin da ke cikinsa haɗari ba. Jirgin da ke bin taswirar da wa'adinta ya wuce zai iya nufar hanyar da aka riga aka sauya. Don haka kafin a tashi, matuƙi kan duba ranar da ke kan allo, ya tabbatar bayanan na wannan zagayen ne.

Idan jirginku ya ɗaga daga Kano ya miƙi gabas, cikin waɗanda suka share masa hanya akwai injiniyan da bai bari kwana 28 sun wuce shi ba.