Sulke da Lifidi a Idon Mai Zane

Ma'abuta tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Gawakuke na shekarar 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta rinjayi Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, wadda take cikin gundumar Gidan Rumji a yau. Kuma duk wanda ya ƙudurta zana surar ɗaya daga baraden wancan zamani da fentin mai, wajibi ne ya san abin da barden ya sanya tun bai ɗauki buroshi ba.

Dalili kuwa, masu neman wannan fanni galibi daga Turawa suke ɗaukar darasi, irin surar nan da Titiyan ya yi wa Sarki Sharl na Biyar bisa doki a 1548, wadda take ajiye a gidan Prado na Madrid, alhali sulken wannan sarki falankin ƙarfe ne gogagge mai mayar da haske. Namu ba haka yake ba. Ƙananan zobba ne da aka sarƙa cikin juna, sana'ar da Alƙur'ani mai girma ya jingina ga Annabi Dawuda, alaihis salamu, wadda kuma Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya shigo da ita tare da lifidi da kwalkwalin ƙarfe.

Hikimar zana sulke ita ce mai zane ya fara shimfiɗa launi mai duhu, ya yi haƙuri ya bar shi kwanaki ya sha iska, domin fentin mai ba ya gaggawar bushewa, sa'an nan ya ɗiɗɗiga fari a kafaɗa da ƙirji inda rana ta sauka, ya bar wa idon mai kallo ya cika saura. Wanda ya nace sai ya bi zobba ɗaya-ɗaya, to, komar masunta zai zana. Ga shi kuma sau da yawa barde ƙarƙashin riga yake sa sulkensa, ba a ganinsa sai ta wuya da bakin hannu.

Lifidi ya fi wahala a ganina, domin audugar rimi ce aka cusa tsakanin ƙyallaye aka bi da ɗinki, shanye haske yake yi, babu ƙyalli ko kaɗan da zai rufa wa mai zane asiri. Dole kaurinsa ya fito daga inuwar da ke kwance cikin layukan ɗinkin, nauyinsa kuwa daga yadda dokin ya tsaya.