Kirdadon Dusar Ƙanƙarar Bazara A Duwatsun Amurka

A birnin Denba na jihar Kolorado, inda duwatsun Roki suka haɗu da faffaɗan filin kiwo na tsakiyar Amurka, watan Maris ne ya fi kowane wata zubar dusar ƙanƙara, alhali kuwa a lokacin sanyi ya fara ja da baya. Daidai wannan lokaci ne shanun makiyaya suke haihuwa a fili, manyan motocin 'yan kasuwa kuma suna ratsa duwatsu dare da rana. Saboda haka maganar masu auna yanayi a can magana ce ta rai da dukiya.

Ga yadda abin yake aukuwa. Guguwa takan tsaya kudu da birnin, iskarta tana juyawa, ta jawo laima tun daga Tekun Meziko. Idan iskar nan ta buso daga gabas sai ta ci karo da duwatsu, dole ta hau. Tana hawa tana sanyi, har laimar ta daskare ta zubo. Dusar bazara jiƙaƙƙiya ce, mai nauyi, takan karya rassan itatuwa, ta rusa rufin ɗaki. A Maris na 2003 inci 31.8 ya sauka a Denba cikin kwana uku, a Maris na 2021 kuwa inci 27.1. Tun a Afrilun 1921 aka auna fiye da inci 75 cikin sa'a 24 a wani wuri can bisa duwatsun jihar.

Wahalar aikin ita ce tazarar da ke tsakanin ruwa da dusa ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Haka kuma in guguwar ta ɗan gusa arewa, sai iska ta juyo daga yamma, ta gangaro a bushe, garin da aka yi wa gargaɗi ya wayi gari ƙasa fes. Don haka ne ma'aikatan Hukumar Yanayi suke sakin balan-balan mai ɗauke da ma'auni zuwa sama, su tattara rahoton tauraron ɗan'adam, su ba kwamfuta lissafi iri iri, sa'an nan su faɗi mafi rinjayen zato.

Mai karatu zai iya tambaya, shin wannan ba kutsawa cikin gaibu ba ne? Mu dai abin da muka fahimta daga malamai shi ne, abin hani shi ne duba, da danganta saukar ruwa ga taurari. Amma lura da alamun da Allah Ya sanya cikin halittarsa, ai ko manomi yakan ga hadari ya haɗo gabas ya kwashe shanya.

A ganinmu mai hankali a can yakan ɗauki gargaɗin ko da jiya bai tabbata ba. Makiyayi ya matso da shanu kusa da rumfa ya tanadi ciyawa, direba ya kwana a gari kafin hukuma ta rufe hanya. Dusar da ta tare su kuwa, wadda ta sauka bisa duwatsu ita ce za ta narke a watan Mayu da Yuni ta cika koguna.