Birgimar Kaji a Turɓaya: Kariya Mai Rahusa Daga Ƙwarin Jiki

Ƙwarin da ke zama a jikin kaji, kamar ƙwarƙwata da ƙuma da kaska, suna cikin abubuwan da ke cinye ribar masu ƙaramin kiwo a gidaje ba tare da sun ankara ba. Kazar da ƙwari suka addaba takan rame, ta rage ƙwai, wani lokaci ma ta gudu ta bar kwanci, ƴan tsaki kuwa sukan mutu saboda ƙarancin jini.

Hanya mafi rahusa ta rage wannan hasara ita ce tanadar wa kaji wurin birgima. Kaza takan yi wankan turɓaya kusan sau ɗaya a kwana biyu, galibi da tsakar rana. Ƙurar takan tsotse tsohon maiƙon gashinta, ta kuma busar da jikin ƙwarin har su mutu ko su kakkaɓe.

Abin da ake bukata shi ne tsohuwar tayar mota ko akwatin katako, a zuba busasshiyar ƙasa mai laushi da rairayi, zurfin kamar inci 6 zuwa 8, sannan a barbaɗa tokar itace wadda aka tankaɗe. Kada a yi amfani da tokar shara, domin takan ƙunshi ƙonanniyar leda da roba. Wajibi ne kuma wurin ya kasance ƙarƙashin rumfa, musamman da damina, domin jiƙaƙƙiyar toka tana cin fata.

 Wani bincike na 2012 da masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside a Amurka suka gudanar ya nuna cewa haɗa rairayi da farar ƙasa mai laushi ko garin farar wuta ya rage ƙwarin jikin kajin da suka yi birgima ƙwarai cikin mako guda, kuma farar wuta ce ta fi daɗewa tana aiki.

Sai dai birgima ba ta wadatar ita kaɗai. Ƙwarƙwata a jikin kaza take rayuwa, amma kaskar kaji da wasu ƙananan jajayen ƙwari a tsagar bango da katakon akurki suke ɓuya da rana, sai dare ya yi su fito shan jini, kuma suna iya yin watanni ba su ci komai ba. Don haka dole a riƙa share akurki, a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a liƙe tsaga, a kuma keɓe sabuwar kazar da aka sayo daga kasuwa na mako biyu.

Haka kuma akwai haɗari a fesa wa kaji maganin ƙwarin gona. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai, bayan an gano maganin fipronil a ƙwan gonakin Holan da Beljiyam, inda aka yi amfani da shi wajen yaƙar jajayen ƙwarin. Idan abin ya yi tsanani, ma'aikacin lafiyar dabbobi ne ya kamata ya zaɓi magani, ya kuma faɗi kwanakin da za a dakata kafin a sayar da ƙwai ko nama.