WUYAN JITA DA WUYAR SAYENTA: BAYANI DAGA YANKIN SINJA

1.0 Gabatarwa

A Hausa akwai kalmomi biyu da ake rubutawa iri ɗaya, wato "wuya", amma karin sauti da jinsi sun raba su. Ta farko namiji ce, karinta sama-ƙasa, ita ce gaɓar da ke haɗa kai da gangar jiki, shi ya sa ake cewa "wuyan jita". Ta biyu mace ce, karinta ƙasa-sama, ma'anarta wahala, kamar a "wuyar aiki". Wannan takarda za ta yi bayanin yadda kalmomin biyu suka haɗu a cinikin jita ta hannu, musamman mai kaurin murya da makaɗa ke kira bas, a yankin Sinja na ƙasar Sudan.

2.0 Hausawa da kiɗa a Sudan

Sinja ita ce hedkwatar Jihar Sinnar, tana bakin kogin Shuɗin Nilu. Tsakaninta da garin Sinnar akwai Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa 'yan shekaru bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga a Jazira ya tsayar da maniyyata da yawa daga ƙasar Hausa, suka kafa ƙauyuka.

Zuriyarsu ta taka rawa a kiɗan Sudan. A'isha Fallatiya, wadda ta rasu a 1974, tana cikin matan farko da suka yi waƙa a gidan rediyon Omdurman. Daga baya Sharhabil Ahmad ya yi fice da jita mai amfani da lantarki a Khartum, har jita da bas suka zama kayan kiɗan biki a garuruwa.

3.0 Dalilan tsada

Kamfanin Fender na Amurka ne ya yayata bas mai lantarki da samfurin Precision a 1951. A yankin Sinja duk wadda aka gani daga waje ta shigo, ta bi hannun dillalai, kowa ya ɗora ribarsa. Faɗuwar darajar fam na Sudan da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 sun ƙara wa duk kayan waje kuɗi.

Akwai kuma tsadar da ba ta da hujja. Masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suna biyan kuɗi mai yawa a kan Fender da aka ƙera kafin 1965, shekarar da aka sayar da kamfanin. Sai mai sayarwa ya riƙa kafa hujja da tsufa kawai, alhali ba kowace tsohuwar jita ce ta tarihi ba. Sunan da ke kan jita kuwa ana iya manna shi, kuma kamfanin da kansa yana da samfuri mai sauƙin kuɗi da ake kira Squier.

4.0 Abin dubawa

Garaya da gurmi da kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos duk wuyansu sanda ce. In ta lanƙwashe, makaɗi ya samo wata ya sa. Wuyan bas ba haka yake ba. Tsirkiyoyinta huɗu na ƙarfe ne, kuma suna jan wuyan da ƙarfin da ya wuce nauyin buhun siminti, dare da rana. Saboda haka aka bizne sandar ƙarfe a cikin katakon, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta ta da ɗan makulli. In wannan sanda ta karye, ko wuyan ya murɗe, gyara yakan kusa kai kuɗin jitar.

Don haka mai saye zai duba abubuwa uku. Na farko, ya ɗaga jitar ya hango wuyan daga kai zuwa gindi, kamar yadda kafinta ke duba katako, ya ga ko ya murɗe. Na biyu, ya danne tsirkiya a kan ƙarfen gicciye na farko da na ƙarshe, ya dubi tsakiya. Tazarar da ake so ba ta wuce kaurin kati ba. Na uku, ya nemi a juya sandar ƙarfen a gabansa. In ta ƙi motsi, ko tana juyawa ba ta kamawa, to ciniki ya ɓaci.

5.0 Kula da wuya

Katako yana shan laima yana kuma fitar da ita. A yankin Sinja zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, sai katako ya tsuke, bakin ƙarafan gicciye ya fito yana yankar yatsa. Da damina kuma ya kumbura. Mai garaya ya san wannan, domin yana ganin fata tana saki da damina.

Saboda haka ba a barin jita a rana, ko cikin mota, ko kusa da rufin kwano. Ana ajiye ta a akwatinta, ba a jingine ta da bango a kan kanta. Ana goge gumi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. In za a ɗaure sandar ƙarfe, kwata na juyi ya isa, sannan a bari ta kwana a sake dubawa. In ta cije, a bar ta, domin tilastawa ce ke karya ta.

6.0 Kammalawa

An ga cewa darajar bas ta hannu tana ga wuyanta fiye da sunanta ko shekarunta. Fenti da tsirkiya ana sake su da kuɗi kaɗan, amma wuya sai an yi odarsa daga waje. Makaɗin da ya ci bashi ya sayi mai murɗaɗɗen wuya zai biya bashin da abin da ba ya kiɗa daidai. Ɗalibi kuma ya lura da lanƙwasar nasaba: "-n" a "wuyan jita", "-r" a "wuyar saye".